Daga fayil zuwa faifai: yadda ake mayar da bidiyo DVD da zaɓen na'urar kallo a gida

Wanda ya kwafi fayil ɗin MP4 daga kwamfuta ya jefa shi a faifan DVD bai haɗa DVD ba tukuna, ajiye fayil kawai ya yi a faifai. Idan ya zura shi a na'urar kallo, sau da yawa sai ta yi ta juya shi, daga ƙarshe ta rubuta a allo cewa ba ta gane faifan ba, ko ta nuna sunan fayil ɗin amma ta ƙi buɗe shi. Laifin ba na faifan ba ne, ba kuma na na'urar ba. DVD tsari ne mai ƙa'idoji, an kafa shi tun tsakiyar shekarun 1990, ya shiga kasuwa a Japan a 1996, kuma ƙa'idojin nan ba su canja ba don wayoyi sun fara ɗaukar hoto mai kyau. Aikin da ke gabanka shi ne ka juya bidiyonka ya bi waɗannan ƙa'idoji. Amma kafin wannan akwai tambayar da ta fi komai muhimmanci.

A wace na'ura za a kalla?

Na'urar da za ta kunna faifan ita ke yanke hukunci kan komai: nau'in fayil, girman hoto, har da irin faifan da za ka saya. Don haka je ka duba ta kafin ka buɗe kowace manhaja. A gaban na'urar ko a samanta akwai tambura ƙanana. Idan tambarin DVD Video da na CD kawai ka gani, to sai ka bi doguwar hanya, wato ka haɗa cikakken DVD. Idan akwai tambarin DivX, ko an rubuta MPEG-4, na'urar tana iya karanta fayilolin AVI da aka zuba a faifai kamar yadda ake zuba su a filash, muddin faɗin hoton bai wuce ɗigo 720 ba. Idan kuwa na'urar Blu-ray ce, galibinsu suna karanta MP4 da MKV kai tsaye, daga faifai ko daga ramin USB.

Wannan dubawar ta minti biyu tana iya rage maka aikin yini guda. Mutum da yawa suna zama suna juya bidiyo zuwa tsarin DVD, hoto ya ragu, lokaci ya tafi, alhali talabijin ɗin da ke gabansu yana da ramin USB da zai kunna fayil ɗin na asali ba tare da an taɓa shi ba. Cikakken DVD yana da amfani ne a wurare uku: idan na'urar tsohuwa ce, idan za ka ba wa mutane da yawa kwafi kuma ba ka san irin na'urar da kowa ke da ita ba, ko idan mai kallon yana son ya zura faifai kawai ya danna maɓalli ɗaya ba tare da laluben fayiloli ba. A waɗannan wuraren babu abin da ya kai shi sauƙi ga mai kallo.

Leƙa cikin fayil ɗin

MP4, MKV, AVI da MOV sunayen mazubi ne. Abin da ke ciki, wato hanyar da aka matse hoton da sautin, shi ne ake kira kodek, kuma shi ne na'ura ke iya karantawa ko ta kasa. Fayiloli biyu suna iya zama MP4 dukkansu, ɗaya an matse shi da H.264, ɗayan da H.265, na'ura ta kunna na farko ta ƙi na biyu.

Sauke manhajar MediaInfo, kyauta ce, ka ja fayil ɗinka ka saka mata. Abu huɗu za ka rubuta a gefe: tsawon bidiyon, faɗi da tsayin hoton, adadin hotunan da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, da ko wannan adadin tsayayye ne ko mai sauyawa. Na ƙarshen nan shi ne ke yawan jawo matsala a bidiyon waya. Waya takan rage yawan hotunan da take ɗauka idan haske ya yi ƙasa, ta ƙara idan ya dawo, shi kuwa DVD tsayayyen adadi yake so. Idan aka juya irin wannan fayil ba tare da kula ba, a farkon bidiyon baki da murya suna tafiya tare, amma can wajen minti na 40 sai ka ga mutum ya rufe baki maganarsa tana ci gaba. Maganin shi ne ka fara wuce fayil ɗin ta manhajar HandBrake, ka zaɓi Constant Framerate, ka fitar da sabon MP4 mai inganci sosai, sannan ka yi aiki da shi. Ka sani HandBrake ba ta haɗa DVD, gyaran fayil kawai take yi.

Duba kuma a MediaInfo ko an rubuta HDR, HLG ko Dolby Vision. Sababbin wayoyi da yawa haka suke ɗauka tun daga masana'anta. DVD bai san wannan tsarin launi ba, kuma idan aka juya kai tsaye hoton yakan fito fari-fari, launukansa sun koɗe. A cikin HandBrake, a sashen Filters, akwai wurin sauya tsarin launi, sai ka zaɓi BT.709.

Abin da DVD yake karɓa

Hoto da kodek ɗin MPEG-2 ake matse shi. Girmansa ɗigo 720 a faɗi da 576 a tsaye, hotuna 25 a daƙiƙa, idan tsarin PAL ne, ɗaya daga cikin tsarin hoton talabijin biyu da DVD ke bi. Idan ɗayan ne, wato NTSC, 720 da 480, hotuna 29.97 a daƙiƙa. Sauti a kan 48 kHz, kuma AC-3, wato Dolby Digital, shi ne wanda kowace na'urar DVD take karantawa. Jimillar bayanan hoto da sauti ba za ta wuce megabit 10.08 a daƙiƙa ba, hoton shi kaɗai ba zai wuce 9.8 ba. Duk wannan ana jera shi a folda mai suna VIDEO_TS. A cikinta akwai fayilolin VOB masu ɗauke da hoto da sauti, kowanne ba ya wuce gigabait 1, da fayilolin IFO da ke gaya wa na'ura inda menu yake da inda kowane babi ya fara, da fayilolin BUP waɗanda kwafin IFO ne don ko faifai ya karce.

Ga abin da ya kamata ka yarda da shi tun yanzu: bidiyo mai girman 1920 da 1080 yana da ɗigo 2,073,600 a kowane hoto, DVD na PAL yana da 414,720. Kashi ɗaya cikin biyar ke nan daidai. Babu manhajar da za ta hana wannan raguwar, duk abin da tallarta ta ce. Fuskoki za su fito lafiya, amma ƙananan rubutu, kamar na bidiyon da aka ɗauka daga allon kwamfuta, yakan dushe har ya gagari karantawa. Saboda haka kada ka goge fayil ɗin asali bayan ka gama.

Tsakanin PAL da NTSC, ƙasashen Turai, yawancin Afirka da Asiya, da Ostireliya suna kan tsarin hotuna 25. Amurka, Kanada, Japan da Koriya ta Kudu suna kan NTSC. Yawancin na'urorin da aka yi wa ƙasashen PAL suna kunna faifan NTSC ba matsala, amma na'urorin Amurka da dama ba sa karɓar PAL. A nan akwai wata dabara da ba a cika faɗa ba. Waya galibi hotuna 30 take ɗauka a daƙiƙa. Idan ka juya zuwa PAL, dole a zubar da biyar cikin kowane 30, kuma za ka ga hoton yana ɗan tsalle duk sanda kyamara ta juya gefe. Idan na'urar mai kallo tana karɓar NTSC, ni dai shi nake ba da shawara ga bidiyon waya: tsayin hoton ya ɗan ragu, amma motsi yana tafiya sumul. Bidiyon da aka ɗauka a kan 25 ko 50 kuwa, PAL ne gidansa.

Sai siffar allo. DVD siffa biyu ya sani, 4:3 ta tsofaffin talabijin da 16:9 ta masu faɗi, kuma dukkansu a cikin ɗigo 720 ɗin nan ake ajiye su. Wata alama ce a cikin faifan ke gaya wa na'ura ta miƙe hoton ko ta bar shi. Idan aka sa alamar da ba daidai ba, mutane sukan fito dogaye sirara, ko gajeru masu faɗi. Bidiyon da aka ɗauka waya tana tsaye ba shi da mafita mai daɗi: a bar baƙi hagu da dama shi ya fi, don idan aka cika allon da shi sai an yanke kawuna da ƙafafu.

Lissafin da ke hana hoto farfashewa

An rubuta 4.7 GB a jikin faifai, amma kwamfutarka za ta nuna 4.37, saboda masu yin faifai da dubu suke ƙirga, kwamfuta kuma da 1024. Ba a cuce ka ba. Faifan yana ɗaukar bait biliyan 4.7, idan ka ninka da 8 ka sami megabit 37,600. Cire kaɗan don menu da tsarin faifai, ka riƙe 36,000 a matsayin abin da kake da shi.

Yanzu raba wannan da tsawon bidiyonka a daƙiƙa. Awa biyu daƙiƙa 7,200 ce, 36,000 a raba da 7,200 ya ba da megabit 5 a daƙiƙa. Cire 0.2 na sauti, hoto ya samu 4.8. Wannan yana da kyau ga yawancin bidiyo. Awa uku, daƙiƙa 10,800, ya ba da kusan 3.3, kuma a nan za ka fara ganin hoto yana rarrabewa gida-gida a wurin da motsi ya yi yawa, kamar ruwa mai gudu, ganyen bishiya a iska, ko taron mutane suna tafiya. Awa huɗu ya ba da 2.5, wanda sai bidiyon mutum ɗaya zaune yana magana zai jure. Awa ɗaya kuwa lissafin zai ba ka 10, amma kada ka kai can. Tsaya a 8, domin faifan da aka buga a gida ba ya mayar da hasken leza da ƙarfi kamar na masana'anta, kuma tsohuwar na'ura takan riƙa tsayawa idan aka cika mata bayanai.

Idan bidiyon ya wuce awa biyu da rabi, hanya uku ce: ka raba shi faifai biyu, ka sayi faifai mai hawa biyu mai ɗaukar 8.5 GB, ko ka rage faɗin hoton zuwa ɗigo 352, wanda ƙa'idar DVD ta yarda da shi a siffar 4:3. Raba shi biyu ya fi sauran aminci. Faifai mai hawa biyu yana da wurin da leza ke tsallakawa daga hawa na farko zuwa na biyu, kuma a nan ne tsofaffin na'urori suka fi maƙalewa.

Haɗa faifan

DVDStyler manhaja ce ta kyauta da ke aiki a Windows, Mac da Linux, kuma ita kaɗai tana juya bidiyo, ta yi menu, ta jera VIDEO_TS. A Windows akwai kuma DVD Flick da AVStoDVD, a Linux akwai DeVeDe. Windows DVD Maker da wasu suka saba da ita ta tsaya ne a Windows 7, daga Windows 8 aka cire ta. Ko wace ka zaɓa, sauke ta daga shafin masu ita, kuma ka karanta kowane mataki lokacin girkawa kada a haɗa maka da wasu manhajojin da ba ka nema ba.

Da ka buɗe DVDStyler za ta tambaye ka sunan faifai, girmansa, PAL ko NTSC, 4:3 ko 16:9, da nau'in sauti. Ka riga ka san amsoshin. Sauti ka zaɓi AC-3. Daga nan ka zaɓi samfurin menu, ko ka ce ba ka so. Ja fayilolinka zuwa layin da ke ƙasan tagar, bisa jerin da kake so su kunnu. A can ƙasa akwai ma'auni da ke nuna mintin da ka cinye da yawan bit da manhajar ta zaɓa da kanta. Kwatanta shi da lissafinka. Idan ya faɗi ƙasa da 3, cire wani abu.

Danna kowane bidiyo sau biyu ka shiga bayanansa. A nan ake sa babi, wato wuraren da maɓallin tsallakawa na rimot zai kai mai kallo. Kada ka bar wannan. Bidiyon awa biyu marar babi azaba ne ga wanda yake neman wani wuri a tsakiya. Ka rubuta lokutan da kanka a inda magana ko fage ya canja, ya fi ka bar manhaja ta yanka a kowane minti goma ko da a tsakiyar jimla ne. A nan kuma za ka faɗi abin da zai faru idan bidiyon ya ƙare: ya koma menu, ko ya wuce na gaba.

Game da menu, magana ɗaya ce: rubutu manya, kuma nesa da gefen allo. Talabijin da yawa suna cinye ɗan gefen hoto ta kowane ɓangare, kuma maɓallin da ka ajiye a kusurwa yana iya ɓacewa. Idan bidiyo ɗaya ne a faifan, menu ba shi da wani aiki, bari ya fara da kansa da zarar an zura shi.

Lokacin fitarwa, kada ka buga faifai kai tsaye. Zaɓi a haɗa maka fayil ɗin ISO, wato hoton faifan gaba ɗaya a fayil guda. Buɗe shi da manhajar kallon bidiyo ta VLC, ka gwada maɓallan menu, ka tsallaka babi-babi, ka je minti biyar na ƙarshe ka dubi bakin mai magana ko yana tafiya da murya. Duk kuskuren da ka kama a nan bai ci maka faifai ba. ISO ɗin kuma shi za ka riƙa amfani da shi duk sanda ake son ƙarin kwafi.

Wanda ba ya tsoron rubuta umarni yana iya juya bidiyon da FFmpeg, wanda shi ne injin da ke ƙarƙashin yawancin manhajojin nan:

ffmpeg -i bidiyo.mp4 -target pal-dvd -aspect 16:9 -b:v 4800k -b:a 192k fita.mpg

Idan NTSC ne sai ka sa ntsc-dvd. Ga bidiyon da aka ɗauka a tsaye, ƙara wannan bayan sunan fayil ɗin farko don a cike gefe da baƙi: -vf "scale=-2:576,pad=1024:576:(ow-iw)/2:0". Fayil ɗin da ya fito bai zama DVD ba tukuna, sai ka ba DVDStyler ko dvdauthor su jera shi, amma ba sai an sake juya shi ba.

Faifai da bugawa

Akwai DVD-R, wanda Pioneer ta fito da shi a 1997, da DVD+R da ya biyo baya a 2002 daga ƙungiyar kamfanoni da Sony da Philips ke ciki. Na'urorin da aka yi daga tsakiyar shekarun 2000 zuwa yau suna karanta duka biyun. Ga na'urar da ta girmi haka, DVD-R ya fi samun karɓuwa. Masu RW a ƙarshen suna ana gogewa a sake bugawa, kuma yana da kyau ka ajiye guda ɗaya don gwaji, sai dai ba kowace tsohuwar na'ura ke karanta su ba.

A Windows, danna ISO ɗin da maɓallin dama ka zaɓi Burn disc image. ImgBurn ta fi ba ka iko, musamman kan gudun bugawa da wurin tsallaka hawa a faifai mai hawa biyu, ko da yake tun 2013 ba a sabunta ta ba. A Linux akwai K3b da Brasero. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka ja fayil ɗin ISO ka jefa a faifai kamar sauran fayiloli, domin abin da za ka samu faifai ne mai ɗauke da fayil ɗaya da babu na'urar DVD da za ta buɗe.

Faifan zai ce yana ɗaukar gudu 16x. Zaɓi 6x ko 8x. Bambancin 'yan mintuna ne, amma alamomin da leza ke zanawa a jikin faifan sun fi fita tsaf, kuma na'ura mai tsohuwar leza ta fi iya karanta su. Kada kuma ka sauka can ƙasa sosai, don faifan zamani ba a yi shi don gudu 1x ba. Sa alama a Verify domin manhajar ta sake karanta faifan ta kwatanta da ISO. Idan kwamfutar hannu ce, jona ta da wuta, kuma ka bar ta ta huta da sauran ayyuka har ta gama. Faifan da aka yi a na'urar ɗaukar shirye-shiryen talabijin kuwa, sai an rufe shi da umarnin Finalize kafin wata na'ura ta karanta shi.

Ka rubuta suna da alƙalami mai taushin baki, ba biro ba. Kada ka manna takarda, tana karkatar da nauyin faifan idan yana juyawa, kuma zafi yana ɗaga ta a cikin na'ura. Faifan gida rini ne ke riƙe bayanansa, rana da zafi suna cin rinin nan, don haka a ajiye shi a kwalinsa, a tsaye, a inuwa. Idan ya yi datti a goge daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, domin karcewar da ta bi zagayen faifan ita ce ke cinye bayanai masu yawa a jere.

Daga nan gani ya kori ji: kai shi na'urar da za a kalla a ciki. Idan ta ce babu faifai, gwada wani nau'in faifai ko ka rage gudu. Idan hoto ya fito baƙi da fari ko yana birgima, rikicin PAL da NTSC ne, duba saitin fitar da hoto na na'urar ka mayar da shi Auto ko Multi. Idan hoto yana tafiya babu sauti, duba ko an saita na'urar ta tura sauti ta ramin dijital alhali babu abin da aka jona a can. Idan yana tsayawa a kusa da ƙarshe kawai, bakin faifan ne, wurin da faifai marar inganci ya fi rauni. Rage abin da ka zuba ya tsaya wajen 4.2 GB.

Idan ana son hoton HD

Blu-ray ya fito a 2006, yana ɗaukar 25 GB a hawa ɗaya, 50 a hawa biyu, yana karɓar H.264 a girman 1920 da 1080. Yana buƙatar injin bugawa nasa da faifan BD-R. Manhajar tsMuxeR tana jera fayil ɗin H.264 a tsarin foldar BDMV ba tare da ta sake matse hoton ba, muddin fayil ɗin ya bi ƙa'idar Blu-ray. Akwai kuma hanyar tsaka-tsaki, AVCHD, tsarin da Sony da Panasonic suka fitar a 2006: hoton HD a kan faifan DVD na yau da kullum, kimanin rabin awa mai kyau. Na'urorin Blu-ray da yawa suna kunna shi, amma na'urar DVD ba ta iyawa, kada ma ka zura mata. VCD, mai ɗigo 352 da 288 a kan faifan CD, sai dai idan na'urar da ke hannu ba ta san komai ba sai shi.

Zaɓen na'urar

Fara da bayan talabijin ɗinka. Idan HDMI kawai ke akwai, kamar yadda sababbi da yawa suke, na'urar DVD mai igiyoyi uku, rawaya da ja da fara, ba za ta jonu ba sai da ƙaramin akwatin juya sigina, kuma hoton da ke biyowa ta igiyar rawaya shi ne mafi rauni a duk hanyoyin. Na'urar DVD mai HDMI ta fi nesa ba kusa ba. Rubutun 1080p da ke jikin kwalinta yana nufin tana faɗaɗa hoton ya cika allo, ba ta ƙirƙiro ɗigon da babu su a faifan.

Idan za ka sayi na'ura ɗaya ce tak, ta Blu-ray ta fi ma'ana, tunda tana kunna DVD da CD, kuma ramin USB ɗinta ya fi na na'urar DVD fahimtar fayilolin zamani. Sai dai masu ƙera su suna raguwa: Oppo ta daina a 2018, Samsung ta sanar da daina fitar da sababbi a kasuwar Amurka a 2019. Sony da Panasonic su ne manyan sunayen da aka fi samu. Ta Ultra HD Blu-ray, tsarin da ya fito a 2016, sai mai talabijin 4K da ke sayen faifan 4K zai ci moriyarta. Ga faifan da ka haɗa a gida ba za ta ƙara maka komai ba.

Mai PlayStation 4, ko PlayStation 5 mai ramin faifai, ko Xbox One da Series X masu ramin faifai, yana da na'urar DVD da Blu-ray a gida. PlayStation 4 tana son a jona ta da intanet sau ɗaya kafin ta fara kunna faifan bidiyo, Xbox kuma sai an sauke mata manhajar Blu-ray Player. PlayStation 4 da 5 ba sa kunna faifan CD na sauti.

Lambar yanki ta shafi faifan da aka saya ne kawai. An raba duniya shida a DVD: 1 Amurka da Kanada, 2 Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya da Afirka ta Kudu, 3 Kudu maso Gabashin Asiya, 4 Latin Amurka da Ostireliya, 5 sauran Afirka da Rasha da Indiya, 6 Sin. Blu-ray kuma A, B da C ne, Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya suna B. Faifan da ka buga da kanka ba shi da lambar yanki, ko'ina zai shiga. Amma idan kana da fina-finan da aka sayo daga ƙasashe daban-daban, nemi na'urar da aka rubuta mata Multi-region, ka kuma tabbatar ko DVD kawai take nufi ko har da Blu-ray, domin sau da yawa na farkon ne kawai.

Wanda duk bidiyonsa fayiloli ne, ƙaramin akwatin Android TV mai manhajar VLC ko Kodi zai fi masa kowace na'urar faifai. Kodi har ISO da foldar VIDEO_TS take buɗewa da menu ɗinsu, wato aikin da ka yi a DVDStyler bai tafi a banza ba ko da babu faifai. A nan abin lura shi ne tsarin filash ɗin: FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai 4 GB, kuma ISO na cikakken DVD ya wuce haka, don haka sai exFAT ko NTFS. Na'urorin DVD masu ramin USB kuwa yawancinsu FAT32 kaɗai suka sani, don haka filash ɗaya ba lallai ya yi wa na'urorin biyu aiki ba.

Kafin ka biya kuɗin kowace na'ura, nemi littafinta a shafin kamfanin, ka je shafukan ƙarshe inda aka jera nau'o'in faifai da fayilolin da take karɓa. Duba ko an ambaci DVD-R, DVD+R da masu hawa biyu, ko tana fitar da PAL da NTSC duka, da iyakar girman hoton da take karɓa ta USB. Idan akwai damar gwaji, tafi da faifan da ka buga da kanka da filash mai fayiloli uku, ɗaya H.264, ɗaya H.265, ɗaya MKV mai rubutun fassara, ka kunna kowanne, ka tura shi gaba zuwa tsakiya, ka ga ko sauti ya biyo hoto.